Ku Tambayi Baba Darekta: Makaranta Ta Samu Katanga, Ruwa Ya Koma Gidajenmu

Wasiƙun wannan wata kusan bakinsu ɗaya, wato ginin makaranta da abin da yake jawo wa maƙwabta. Damina ta ɗauke, yara sun koma aji tun farkon Satumba, kowa ya zauna yana lissafin abin da ruwa ya yi masa. Na zaɓi biyar, na rage tsawon wasu, na kuma cire sunayen mutane da na makarantu kamar yadda muka saba. Ga sababbin masu karatu, ni tsohon malamin firamare ne a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, na yi darekta, wato shugaban makaranta, kafin in ajiye alli. A gabana aka gina azuzuwa da dama, kuma na sha sa hannu a takardar karɓar aiki daga 'yan kwangila.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Darekta. Ni mazauniyar Garwa ce, maigidana ya rasu, ina riƙe da yara huɗu. Gidanmu yana bayan makarantar gwamnati. Tun ina amarya, ruwan sama ta filin makarantar yake bi ya gangara kwari. Bana aka gina sababbin azuzuwa biyu, aka zuba jar ƙasa aka ɗaga filin, aka zagaye shi da katangar bulo. A watan Agusta ruwa ya zo ya tarar da katanga, sai ya juyo cikin lungunmu. Gida shida ya shiga. Ɗakin girkina ya zube, buhun masarata ya jiƙe. Na je wajen darekta, ya ce ba ruwansa, in tafi meri, wato ofishin magajin gari. A meri aka ce mai kula da aikin ba ya nan. Wani maƙwabcinmu ya ce mu fasa katangar da dare. Baba, ina zan nufa?
Wata uwa, daga Garwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya mayar miki da abin da ruwa ya ci. Kafin komai, kada kowa ya taɓa katangar nan. Ranar da kuka sa mata diga kun tashi daga waɗanda aka cuta kun koma masu ɓarnar kayan gwamnati, magana kuma ta bar meri ta koma hannun jandarmomi. Shi mai ba da shawarar, da wuya ki gan shi ranar da aka zo kamu.

Darekta bai yi miki ƙarya ba, ko da yake ya kamata ya zaunar da ke ya yi miki bayani. Ba shi ke ba da kwangila ba, ba shi ke riƙe da kuɗin ba. Tun 2010 gwamnati ta fara miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka, ciki har da gina azuzuwan firamare da masai da rijiya da katanga, daga baya dokar 24 ga Disamba 2019 ta tattara wannan tsari wuri guda. Kuɗin yakan fito daga kasafin ayyukan raya ƙasa, wanda ma'aikata ke kira BIP, amma magajin gari ne mai aikin, shi ke sa hannu da ɗan kwangila. Saboda haka ƙofar da aka nuna miki ita ce daidai. Abin da ya rage shi ne yadda ake ƙwanƙwasa ta.

Ga yadda irin wannan ɓarna ke faruwa. Zanen ginin aji biyu da baranda iri ɗaya ne, daga ma'aikatar ilimin firamare yake zuwa, shi ake ginawa a Kudu, shi ake ginawa a Arewa. Wanda ya zana shi bai taɓa ganin lungunku ba. Shi kuma ɗan kwangila abin da aka jera masa a takarda ake biyansa: siminti kaza, rodi kaza, kwano kaza. In ba a rubuta lambatu ba, ba zai haƙa ba, ko da ya ga da idonsa cewa ya tare hanyar ruwa. Sannan mutane suna raina ruwan da rufin kwano ke zubarwa. Ki ɗauki rufin da ya kai murabba'in mita 150, a yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agustan Garwa. Lita 7,500 ke nan, duro 37 da ɗoriya, daga rufi ɗaya, a dare ɗaya. Da can ƙasa ke shanye wani abu daga ciki, saura ya bi tsohuwar hanyarsa. Yanzu an daɓe filin, an ɗaga shi, an rufe hanyar. Dole ya nemi wanda ya fi kowa ƙasa, kuma ke ce.

Amma kin zo a kan lokaci. In an gama gini, kwamiti yakan zo ya duba ya yi karɓar farko. Daga ranar akan ƙirga shekara guda ta garanti kafin karɓar ƙarshe, kuma a tsawon wannan shekara ana riƙe wa ɗan kwangila wani kaso na kuɗinsa, wanda yake iya kaiwa kashi 10 cikin 100, ko kuma banki ya tsaya masa a kan adadin. Tunda bana aka gama, kuna cikin shekarar. In takardar kwangila ta ce a yi magudana a kewayen ginin ko a bar kafofi a katanga bai yi ba, magajin gari yana da abin da zai matse shi da shi. In kuwa tun asali ba a rubuta ba, gyaran ya hau kan meri. Ko ta wace hanya, takardarku wajen mutum ɗaya za ta. In kuka bari aka yi karɓar ƙarshe, ɗan kwangila ya karɓi ragowar kuɗinsa, to sai dai ku ji labarinsa a wani gari.

Gobe da safe ki je ki duba gindin katangar. Katangar da aka yi da hankali, za ki ga an bar kafofi a layin bulo na ƙasa, ɗaya bayan 'yan taku, an tsayar da guntayen rodi a ciki don kada awaki su kutsa. In babu ko ɗaya, ki sa yaro ya ɗauki hoto da waya. Ki ɗauki hoton bangayen gidajen nan shida ma, inda ruwa ya bar shaidarsa, wannan layin laka da ya bushe da guntayen kara da leda a manne. A tsayar da sanda ko tabarya a jikin bangon don mai kallo ya gane tsawon. Iskar hunturu na zuwa, nan da wata biyu shaidar ta goge.

Daga nan ku nemi wanda ya iya Faransanci ya rubuta muku takarda zuwa ga magajin gari. Gidaje shidan duka su sa hannu ko su dangwala, jauro, wato mai unguwa, ya buga hatiminsa. Ku tafi da kofi biyu, ku ajiye ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, ɗayan a buga muku hatimi da kwanan wata ku dawo da shi gida. Wannan hatimin shi ne bambancin "mun je mun faɗa" da "ga shaida mun faɗa". A kai kofi wa superefe, wato wakilin gwamnati mai mulkin gundumar, a kai wa sufeton makarantun firamare na gundumar, a ba shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE. Kada ku cika takardar da kuka da Allah ya isa. Ku roƙi abu ƙarami da za a iya nunawa da yatsa: a buɗe kafofi a katanga ta ɓangaren da ruwa ke taruwa, a haƙa lambatu ya mayar da shi tsohuwar hanyarsa, kuma a yi kafin watan Yuni. Aikin magini ɗaya ne da lebura biyu da 'yan buhunan siminti.

Maganar diyyar ɗakin girki kuwa, ba zan ruɗe ki ba, tana da wuya kuma tana jan lokaci. Ki rubuta ta a takarda dabam, kada ta riƙe wa ta farko ƙafa. Shi kuma darekta, ki koma wajensa da lalama. Yana cikin masu sa hannu ranar karɓa, kuma ruwan da ya tsaya a bayan katanga gindinta yake ci. In ta faɗi, a kan ɗalibansa za ta faɗi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona a bakin ƙauyenmu, kusa da Marwa. Rabinta karal ce, wato baƙar ƙasa mai laka, muna dasa masakwa bayan damina, a gefe kuma akwai mangwaro takwas da darbejiya da shi da kansa ya shuka. Kwanan baya lawan ya zo da wasu ma'aikata suka kafa turaku, wai za a gina makarantar sakandare. Ba mu da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, sai takardar da lawan na da ya sa wa hannu. An ce mana ko dala ba za mu samu ba, don ƙasa ta gwamnati ce. Haka ne?
Wani manomi, daga yankin Diyamare.

AMSA: Alhaji, rabin gaskiya aka faɗa muku, rabin da ya fi yi wa mai faɗar daɗi. Dokokin ƙasa da muke kai har yau na 6 ga Yuli 1974 ne, tun zamanin Ahmadu Ahijo. A ƙarƙashinsu, filin da ba shi da titir fonsiye, kuma ba a rubuta shi da sunan gwamnati ba, yana cikin ƙasar al'umma wadda gwamnati ke kula da ita. Takardar lawan shaida ce cewa ku ke noma wurin, tana da amfani, ku adana ta, amma ba ta mayar da ku masu mallaka a idon doka. Saboda haka kuɗin ƙasar kanta, irin wanda ake biyan mai titir, ba za ku samu ba. Wannan shi ne rabin farko.

Rabin da aka ɓoye shi ne, abin da ke kan ƙasar guminku ne, kuma ana biyan diyyarsa: shuka, itatuwa, gini, rijiya. Dokar 4 ga Yuli 1985 ita ta tsara karɓar fili don amfanin jama'a. Sai ministan filaye ya fitar da takardar da ta ayyana aikin a matsayin na amfanin jama'a, sannan kwamiti ƙarƙashin perefe, wato shugaban da ke saman superefe, ya zo ya auna, ya ƙirga, ya ƙiyasta. Ana sanar da mutane kwana 30 kafin zuwansa. Farashin kowace bishiya da kowace shuka yana cikin dokar firaminista ta 25 ga Fabrairu 2003, an bambanta ƙaramar bishiya da wadda ta fara 'ya'ya. Farashin ya tsufa, kowa ya san abin da jaka ɗaya ke saye a 2003 da abin da take saye yau, amma ya fi babu. Wanda aka karɓi filinsa ta wannan hanya kuma ana ba shi wata shida ya tashi, wata uku in aikin na gaggawa ne. Ranar ƙirga ka tsaya da ƙafarka. Ka bi su bishiya bishiya, ka tabbata an rubuta takwas, an kuma rubuta manya, kafin ka sa hannu. Kada ka aiki yaro.

Sai dai ina zargin ba ta wannan hanya aka bi ba. Makarantun ƙauye da yawa ba a bin doguwar hanyar nan. Ana cewa gari ya ba da fili, lawan da dattawa su sa hannu a takardar kyauta, gwamnati ta kawo gini. Ba kwamiti, ba ƙirga, ba diyya, domin ai kyauta ce. Saboda haka tambayar da za ka kai ofishin superefe ɗaya ce: wace takarda ce a kan filin nan, ta minista ko ta kyauta? In ta kyauta ce, wa ya sa hannu? Ni a ganina gari ba ya kyauta da gonar mutum ɗaya. 'Ya'yan kowa za su shiga makarantar, bai kamata gida ɗaya ya biya da hatsinsa ba. Al'adarmu ta san musanya. Ka tafi wajen lawan da manyan danginka, cikin girmamawa, a nemi ya yanka muku wata gona madadin wannan, a rubuta, shaidu su sa hannu. In ya ƙi, akwai Lamido a samansa.

Akwai kuma hujjar da ta fi kuka ƙarfi, ita ce ƙasar kanta. Kai ka fi ni sanin karal. Da damina ta kumbura ta riƙe ruwa, da rani ta tsage har hannu ya shige. Ginin da aka ɗora mata ba tare da an zurfafa tushe an ɗaure shi da kankare da rodi ba, yakan fara tsagewa daga kusurwar taga, daɓen ƙasa ya ɗaga, ƙofa ta ƙi rufuwa. Na koyar a irin wannan aji, muna toshe tsagar bango da takarda saboda ƙura. Yara kuma a Satumba sai sun tuɓe takalma kafin su isa. In akwai harde a kusa, busasshiyar ƙasar nan da ba ta fitar da komai, ko wani tudun jigawa, ku nuna musu shi. Injiniyan da ya san aikinsa zai gode muku, domin tushe a karal kuɗi yake ci. Makarantun sakandare, tun bayan zaɓen majalisun jihohi na Disamba 2020, majalisar jiha ma tana da hannu a ginin su, don haka ku nemi ɗan majalisar yankinku ya ji wannan magana tun ba a kawo tifar yashi ba.

In Allah ya sa wani ɓangare ya rage muku, ku yi masa takarda. Iyalin da ke kan fili tun kafin 5 ga Agusta 1974 suna iya neman titir kai tsaye, ana fara shigar da takardu a ofishin superefe, kuma tun gyaran 2005 ba sai an je Yawunde ba. Da makaranta ta buɗe za ka ga masu neman fegi sun fara sallama, wannan zai gina shago, wancan ɗakunan haya na malamai. Kada ku yi gaggawar sayarwa, kuma kada a manta 'yan'uwanku mata suna da rabonsu a gadon.

TAMBAYA: Baba, ana gina masai a makarantar da ke jikin gidanmu. An haƙa ramin, na auna, taku goma sha biyar ne tsakaninsa da rijiyar da gida huɗu muke sha. Magina sun ce ba komai tunda za a shafe da siminti. Hankalina bai kwanta ba.
Wani magidanci, daga wani gari a bakin kogin Logon.

AMSA: Ɗana, hankalinka ya fi na maginan. Ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi ita ce mita 30 aƙalla tsakanin ramin masai da rijiya, ramin ya kasance ta gangare, kuma ƙasansa ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. Taku goma sha biyar ko rabin haka bai cika ba. Kuma a bakin Logon ruwa a kusa yake, kun ga yadda ya yi a 2022 da 2024, lokacin da unguwanni suka koma sai da kwalekwale. Shafen siminti yana tsagewa, mafi yawan ramukan ma gefe kawai ake ginawa a bar ƙasan a buɗe. Wanda ya ga kwalarar 2010 a jihar Arewa Mai Nisa ba ya wasa da wannan.

Tunda rami kawai aka haƙa, ba a zuba kankare ba, yau ne ranar magana. Ku tafi ku huɗu da jauro wajen darekta, ku wuce ofishin tsafta na meri, ku nemi jami'in ya zo da ma'auni. Matsar da rami a wannan mataki kuɗin lebura ne kawai. In filin ya yi ƙanƙanta, a ɗaga masan sama da ƙasa, a yi masa rufaffen tanki da za a riƙa kwashewa. Tunda za a sake zane, ku roƙa a duba fuskarsa kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, maginin da ba Musulmi ba bai san da wannan ba sai an gaya masa. A raba na mata da na maza, ƙofofinsu kada su kalli juna.

Abin da ban yarda ku yi ba shi ne ku ce a fasa ginin gaba ɗaya. Makarantar da ba ta da masai, lungunku ne masanta. 'Yan mata kuma da sun fara girma sai su daina zuwa.

TAMBAYA: Malam, na daɗe ina sayar da ƙosai da kunu a gindin darbejiyar bakin makaranta, da shi na aurar da 'ya'ya biyu. Da aka zo yin katanga aka sare bishiyar, aka mayar da ƙofa ta bakin kwalta. Sabon darekta ya ce ba mai sayar da abinci sai mai takarda. Yaran unguwarmu kuma yanzu sai sun zagaya ta titi cikin 'yan kilando masu haya da babur.
Wata tsohuwa, daga Gidar.

AMSA: Hajiya, takardar da yake nufi ta asibiti ce, wadda ke nuna an duba lafiyarki. A nan ina bayansa, ko ni ne haka zan ce. Ki je ki yi, ki samu rufaffen bokiti da farin ƙyalle, ki kai masa ta hannun shugabar iyaye mata. Darekta mai hankali ya fi son tsohuwar da ya san gidanta a kan baƙon da zai tsaya a bakin titi da abin da ba a san inda aka dafa ba.

Ƙofar ta fi damuna. Ana son ƙofa ta kalli kwalta don manyan baƙi su gani in sun zo buɗewa, amma ɗan aji ɗaya ba ya sanin gudun babur. Ku nemi a fasa ƙaramar ƙofa ta ɓangaren unguwa, mai faɗin mutum ɗaya, a buɗe ta da safe da lokacin tashi, makulli a hannun mai gadi. Irin wannan ƙungiyar iyaye kan iya yi da kuɗinta in meri ta amince. Ku kuma sa ido a kan shagunan da za su tsiro a sabuwar ƙofar. Mai littafi da mai gyaran keke marhabin. Gidan giya kuwa, dokar 1990 ta hana buɗe shi ƙasa da mita 200 daga makaranta ko masallaci ko coci ko asibiti.

Darbejiyar ce ba ta da amsa. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, a sare inuwa don katanga ta miƙe, alhali karkata ta taku biyu ya isa. Ku dasa wasu a farkon damina, kowane aji a ba shi tasa ya riƙa ba ta ruwa.

TAMBAYA: Baba Darekta, damina biyu ke nan da aka fara mana azuzuwa. Bango ya kai linta, ɗan kwangila ya kwashe mutanensa ya tafi. Yara suna karatu a rumfar zana. Ramin da aka ɗebi ƙasa ya zama tafki, sauro ya hana mu barci, da dare kuma samari sun mayar da kangon wurin shaye-shaye. Wasu sun ce mu haɗa kuɗi mu rufa da kanmu.
Wani matashi, daga wani ƙauye a jihar Adamawa.

AMSA: Ɗana, irin wannan kango ba ƙauyenku kaɗai ke da shi ba. Ɗan kwangila yana iya karɓar har kashi 20 cikin 100 na kuɗin don fara aiki, saura kuma sai ya yi a auna a biya. Wani ya karya farashi don ya ci kwangilar, siminti ya tashi, lissafi ya ƙi. Wani an ba shi aikin a makare, damina ta yanke hanya, tifa ba ta shiga. Wani ya yi aikin, baitulmali ya jinkirta biya, jarinsa ya ƙare. Wani kuwa tun farko ɓarawo ne. Daga bakin kangon ba za ka gane wanne ne naku ba, sai an bi takarda.

Fara da allon da aka kafa a bakin aikin, in bai zama itacen girki ba. A jikinsa akwai sunan kamfani, da inda kuɗin ya fito, da shekarar kasafi, da watannin da aka ba shi. Kwafe duka. Kowace shekara ma'aikatar tattalin arziki da tsare-tsare tana fitar da kundin ayyuka, gunduma gunduma, da kuɗin kowane aiki, kuma ba sirri ba ne. Akwai kuma kwamitocin bin diddigin waɗannan ayyuka a matakin ƙaramar hukuma da na perefe, inda sarakuna da ƙungiyoyin jama'a ke da kujera. Ku rubuta wa magajin gari, kofi ga perefe da wakilin ma'aikatar kwangiloli, ku yi tambaya ɗaya: an soke kwangilar nan ko tana nan? Muddin ba a soke ta a rubuce ba, ba za a ba wani ya ƙarasa ba. In an soke saboda laifinsa, ana iya hana shi neman kwangilar gwamnati har shekara biyu, shi ya sa wani lokaci takardar gargaɗi kaɗai take dawo da shi da gudu.

Rufin da kanku, ku dakata. Bangon da ya sha damina biyu a buɗe sai masani ya duba shi, rodin da ke waje ya yi tsatsa, kuma in kuka ɗora kwano ba izini, shi ɗan kwangilar zai ce an taɓa masa aiki. Iskar farkon damina ma ba ta raga wa rufin da ba a ɗaure shi da kyau ba. In meri ta ba ku izini a rubuce, da ma'aikacinta a tsaye, to bismilla.

Zan faɗi wadda ba ka rubuto ba. Yashi da tsakuwa da bulon da aka bari a wurin, na san suna raguwa, kuma ba aljanu ke ɗiba ba. Duk wanda zai zo ƙarasawa sai an ƙirga masa abin da ke ƙasa, abin da ya ɓace kuma a kan azuzuwan 'ya'yanku zai fita. Jauro ya yi shela, a tattara abin da ya rage a gidan wani amintacce, a rubuta adadi. Ramin kuwa kada ku jira kowa. Ramin ɗiban ƙasa da ya cika da ruwa kusa da yara ƙanana ya fi sauro haɗari. Ku sa rana bayan sallar Juma'a, samari su fito da shebur da baro, a yanke masa hanya ruwan ya fita, a cike. Waɗancan masu kwana a kangon ma a kira su, a ba su shebur.

Wasiƙun da suka zo daga Dang da Kongola a kan tsadar hayar ɗaki kusa da jami'a sun iso, suna hannuna. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.